Tallafin kuɗi a Nijeriya: Wa ya cancanta?

A watan Oktoban 2023, bayan janye tallafin man fetur, gwamnatin Shugaba Tinubu ta ƙaddamar da shirin bai wa magidanta miliyan 15 naira 25,000 kowane wata, har tsawon wata uku.

An dakatar da shirin a Janairun 2024, bisa zargin karkatar da kuɗi. Da aka dawo da shi, sai aka gindaya sharaɗin mallakar lambar shaidar ɗan ƙasa.

Sharaɗin yana toshe kafar sunayen bogi. To amma talakan ƙauye, wanda ofishin rajista ya yi wa nisa, shi ya fi shan wahalar cika shi.

Alƙaluman hukumar ƙididdiga na 2022 sun nuna cewa kashi 65 cikin 100 na matalauta miliyan 133 a arewacin ƙasar suke.