Kafin Mu Zaɓi Ɓangare, Mu Kira Abu da Sunansa

A muhawarar da muka yi kwanan baya game da yaƙin Yukiren, ɗalibai sun rabu gida biyu. Wasu na ganin wajibi ne ƙasashen Afirka su yi Allah wadai da Rasha, wasu kuwa na cewa faɗan da ba ruwanka daɗin kallo gare shi. Abin da ya dame ni shi ne, ba mu tsaya mun auna kalmomin da muke jayayya da su ba.

Ranar 24 ga Fabrairu 2022, Putin ya kira kutsawar dakarunsa "aikin soja na musamman". A 2003, Amurka ta raɗa wa mamayar Iraƙi sunan "ƴantarwa". Hatta ƙudurin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2 ga Maris 2022, wanda ƙasashe 141 suka amince da shi, da ya zo kan harin kansa sai ya zaɓi "nuna matuƙar takaici" maimakon "Allah wadai". A diplomasiyya, babu kalmar da ke faɗowa bisa kuskure.

Ƙasa na da ikon zama ƴar ba-ruwanmu domin kare muradunta. Amma mai nazarin harshe ba shi da uzurin sakaya suna. Duk rundunar da ta ƙetare iyakar wata ƙasa ba da yardarta ba, mamaya ta yi, ko daga Mosko ta taso ko daga Washinton. Ƙasashe marasa ƙarfi ba su da garkuwar da ta wuce wannan ƙa'ida. Idan muka karɓi sunan daɗi yau, da shi za a ƙwanƙwasa mana ƙofa gobe.