Kada a Yi Garajen Zuba Ƙarfe a Teku

Duk ɗalibin da ya taɓa barin ƙusa cikin ruwa ya san ƙarshenta tsatsa. Haka ƙarfe yake yi a teku: da ya haɗu da iskar oksijin sai ya dunƙule ya nutse. Alhali kuwa ƙananan tsirran da ke shawagi a saman teku, waɗanda ido ba ya gani, ba sa iya haɗa abincinsu da hasken rana sai da shi. Su ne tushen abincin kifaye, kuma kusan rabin oksijin da tsirran duniya ke samarwa daga gare su yake.

To, me ke hana ƙarfen nutsewa gaba ɗaya? Binciken 1994 da 1995 ya nuna cewa fiye da kashi 99 cikin ɗari na narkakken ƙarfen teku a riƙe yake a hannun wasu sinadarai da halittu ke samarwa. Wasunsu, masu suna sidarofo, bakteriya ce ke fitar da su takanas don su cafko mata ƙarfe. Wasu kuwa daga ruɓaɓɓun halittu suke. Ko ƙurar hunturun nan da ke tasowa daga Bodele a Chadi ta faɗa Tekun Atlantika, kaɗan ne daga ƙarfenta ke narkewa, kuma wannan kaɗan ɗin sai an riƙe shi yake daɗewa.

A 1988 masani John Martin na Amurka ya yi barkwancin cewa da rabin jirgin ruwa na ƙarfe zai iya sanyaya duniya, domin tsirran za su yaɗu su zuƙe iskar kabon. An gwada kusa da tsibiran Galapagos a 1993 da 1995, tsirran kuwa suka ƙaru. Amma a gwajin Indiya da Jamus na 2009, ƙananan dabbobin ruwa ne suka cinye akasarinsu, kabon kaɗan ya kai ƙasan teku.

A nan nake saɓa wa masu ɗokin wannan dabara. Ƙarfen da ya fi ƙarfin sinadaran riƙo tsatsa zai koma. Wanda ya yi aiki kuma zai sa tsirran su shanye sinadaran naitaret da fosfet da igiyar ruwa za ta kai wa wasu tekuna, inda masunta ke neman abinci. Duk da haka, a 2012 wani kamfani ya juye kimanin tan 100 na sinadarin ƙarfe a yammacin Kanada.