Mudu Ɗaya Don Auna Ɗabi'un Kyanwa

Kyanwa, mage, kuliya, mussa: duk sunayen dabba ɗaya ne a bakin Hausawa. Masana kimiyya sun kashe irin wannan ruɗani tun shekarar 1758, lokacin da Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ya raɗa mata suna Felis catus. To, amma daidaita sunayen ɗabi'unta ya daɗe yana ba su wuya, kuma a ganina wannan aikin bai gaza na farko muhimmanci ba.

Alal misali, a ce ɗalibai biyu sun ga 'yan kyanwa suna kokawa. Ɗaya ya rubuta "faɗa", ɗayan ya rubuta "wasa". In aka zo ƙidaya, sakamakonsu zai saɓa, alhali abu ɗaya suka gani. Kasuwar da kowane ɗan awo yake da nasa mudu ba ta rabuwa da gardama.

Maganin wannan shi ne ƙamusun ɗabi'u, wato jerin motsin dabba, kowane da suna ɗaya da bayani ɗaya. Sharaɗinsa shi ne a rubuta abin da ido ya gani kawai: ta kwantar da kunnuwa, ta gantsare baya, ta miƙar da wutsiya sama. Fassara sai daga baya. Dalili kuwa, zato yakan yaudari mutum. Sautin nan mai taushi da kyanwa ke yi baki rufe, wanda muke ɗauka alamar jin daɗi, takan yi shi har lokacin da ciwo ya tsananta mata.

A shekarar 1995 wani rukunin masana a Birtaniya ya wallafa irin wannan ƙamus domin kyanwar gida. A 2015 Lauren Stanton da abokan aikinta suka fitar da wanda ya haɗa dukan dangin kyanwa, har da zaki da damisa. A 2019 kuma masu bincike a Jami'ar Montreal ta Kanada suka fito da ma'aunin gane ciwo daga fuskarta, ta hanyar duba abubuwa 5: kunnuwa, idanu, baki, gashin baki da yadda ta riƙe kai. Kowane ana ba shi maki daga 0 zuwa 2. Da wannan ne likitan dabbobi zai san wadda ke bukatar maganin rage zafi, tun da kyanwa gwanar ɓoye ciwo ce.

Wasu na cewa ƙamus zai rufe idon mai bincike daga sabon abu. Ban yarda ba. Wanda ya san abin da aka riga aka rubuta shi ne zai fi saurin gane baƙon motsi.

Saboda haka ina kira ga malaman kimiyyar halittu da su jarraba wannan a aji. A sa ɗalibai biyu su kalli kyanwa ɗaya na minti 10, kowa ya rubuta nasa, a gwada. Sa'an nan su daidaita kalmominsu da Hausa, su sake kallo. Ranar nan za su gane dalilin da ya sa kimiyya ba ta yarda da awo sai da mudu ɗaya.