Jiniyar Girgizar Ƙasa Ba Ta Buɗe Ƙofa

A ranar 19 ga Satumba, 1985, girgizar ƙasa ta rushe manyan gine-gine a birnin Meziko, ta hallaka dubban mutane. Bayan wannan masifa ne masana suka dasa na'urori a gaɓar tekun jihar Guerrero, wajen kilomita 300 daga birnin, kuma a 1993 aka soma sanar da jama'a ta rediyo in girgiza na tafe. Dabarar ba duba ba ce. Motsin farko marar ƙarfi yana gudun kimanin kilomita 6 a daƙiƙa, mai rushe gini kuwa yana biyo baya a hankali, to saƙon rediyo sai ya riga shi isa. Ta haka mazauna birnin kan sami kusan daƙiƙa 60.

To amma me mutum zai yi da daƙiƙa 60? A nan ne, a ganinmu, maganar take barin hannun masana ta koma hannun mai kula da gini. Wanda ke bene na goma ba zai iya sauka ba, in ma ya gwada, turereniya a matakala ta isa ta kashe shi tun gini bai motsa ba. Nasa shi ne ya durƙusa, ya kāre kansa a ƙarƙashin tebur, ya riƙe. Wanda ke ƙasa kusa da ƙofa yana iya fita fili, in ƙofar a buɗe take. Tilas a raba wannan tun da wuri, kowane hawa ya san nasa, domin ba a shawara jiniya na kuka. Abin da na'ura za ta iya kuma, a bar mata: ta tsayar da lif a hawa mafi kusa, ta rufe bututun gas. Japan, wadda ta fara faɗakar da jama'a a 2007, haka take tsayar da jiragen ƙasanta masu gudu, kuma ta yi hakan a babbar girgizar 2011.

Akwai kuma ranar da jiniya ba ta ba da lokaci. A 19 ga Satumba, 2017, sa'o'i biyu bayan atisayen da ake yi kowace shekara, wata girgiza ta taso kusa da birnin, mutane da yawa suka ji motsi kafin su ji jiniya. Kimanin mutum 370 suka rasu. A makarantar Enrique Rébsamen yara 19 da manya 7 suka mutu, kuma bincike ya nuna an ɗora wa ginin ƙarin ɗakuna masu nauyi a sama. Kotu ta ɗaure mai makarantar a 2020.

Wani zai ce ina ruwanmu. Mutanen Kwoi da suka ji ƙasa ta motsa a Satumban 2016, da na Mpape a Abuja a Satumban 2018, ba za su faɗi haka ba. Gaskiya ne motsin namu ƙarami ne, ba ma cewa a kwaso na'urorin Meziko gobe. Amma a Yulin 2024 wata makaranta ta rufta a Jos, mutum 22 suka mutu, ƙasa ko gezau ba ta yi ba.

Saboda haka muna kira ga dattawan ikilisiya da kwamitocin gini da shugabannin makarantunmu da asibitocinmu. Kada a ƙara ɗora bene a kan tsohon tushe sai injiniya ya duba ya sa hannu, ko da kuɗin baiko sun taru ana ɗokin gani. Ƙofofin majami'a su riƙa buɗewa ta waje, a kuma daina garƙama wa na gefe kwaɗo lokacin sujada, ko da don tsaro ne, sai fa in mai mabuɗi na tsaye a wurin. A cire benci da ganguna da ake jibgewa a mashiga. Masu zaunar da jama'a da malaman makarantar Lahadi su san wa zai ɗauki ƙananan yara, wa zai riƙe tsofaffi da makafi, da filin da za a taru a ƙirga kawuna. A gwada fitar sau biyu a shekara, magatakarda ya riƙe agogo, ya rubuta minti nawa aka ɗauka a littafin kwamiti.