FILIN KIWON LAFIYA: Santsin Cikin Jarka da Gyambon da Ya Ƙi Magani



Kwanan baya wani dattijo mai ciwon sukari ya tare ni a nan unguwar Louis, ya ɗaga ƙafar wando ya nuna mini gyambo. Ya ce, "Malam, wata uku ke nan ina shan kafso, har ina fasa shi ina barbaɗawa, amma shiru. Ko sammu ne?" Na ce masa, "Baba, ba sammu ba ne. Idan ka koma gida, sa yatsa cikin jarkar da ruwa ya daɗe a ciki, za ka taɓa amsar tambayarka."

Wannan santsi da muke ji a bangon jarka ko duro gida ne da ƙwayoyin bakteriya suka gina wa kansu. Masana suna kiransa bayofim. Ƙwayoyin sukan manne a wuri mai danshi, su hayayyafa, su fitar da wani yauƙi su lulluɓe kansu da shi kamar ganuwa. Irinsa ne dattin da ke taruwa a gindin haƙori, shi ne kuma ke kama robar fitsari ta asibiti da tsohon gyambo.

Tun a 1683 wani mutumin Holand, Antoni van Leeuwenhoek, ya kankaro dattin haƙoransa ya duba da madubin ƙara girma, ya ga halittu suna motsi. Ya kurkure baki da ruwan binega, sai ya tarar na waje kaɗai suka mutu, na ciki suna nan da ransu.

To, haka abin yake da antibiyotik. Yauƙin yana rage wa wasu magunguna ƙarfi kafin su kai ciki. Ƙwayoyin da ke can ƙasa kuwa kamar barci suke yi, alhali yawancin magungunan nan sun fi kama ƙwayar da ke girma. Shi ya sa a gwaji wasu kan jure magani har ninki 1,000 na abin da zai kashe su in suna yawo ɗai-ɗai. Sarkin yawa, in ji Hausawa, ya fi sarkin ƙarfi. Abin da ya fi muni, da yake a cunkushe suke, wadda ta gaji dabarar bijire wa magani tana iya miƙa ta ga maƙwabtanta. Duk lokacin da muka sayi kafso huɗu a bakin kasuwa, muka sha na kwana biyu muka bari, raunana muka kashe, muka share wa masu taurin kai fili.

Jama'a, lamarin ba ƙarami ba ne. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya a 2019 saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma Afirka kudu da Sahara ta fi kowa jin jiki.

Saboda haka, gyambon da ya yi makonni bai nuna alamar warkewa ba, a kai shi asibiti. Can za a kankare mataccen nama da yauƙin, in da hali a gwada ƙwayar don a san maganinta. Mai sukari kuwa kada ya jira ko kaɗan. Haka wanda ya dawo daga yankin Lambaréné da ƙurji marar zafi da ke cin fata: yana iya zama gyambon Buruli, wanda maganinsa na mako 8 ne cur. In likita ya rubuta magani, a sha yadda ya ce. Jarka kuma, ɗauraya ba ta isa ba. A goge cikinta da sabulu da buroshi, a shanya. Haƙori ma sai da aswaki ko buroshi kullum.

Dattijon nan ya yi alkawarin zuwa asibiti. Allah Ya ba shi lafiya, da mu baki ɗaya. Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.