A Riƙa Sa Wa Yara Kifi A Kwanonsu

Yau maganata a kan rabon kifi ce in an sauke tukunya. A gidaje da yawa tsoka ta maigida ce, yara kuwa sai romo. Ni a ganina wannan rabo bai yi daidai ba, ga kuwa dalilina.

Akwai wani irin mai a cikin abinci wanda likitoci ke kira omega. A cikinsa akwai iri biyu, omega-6 da omega-3, waɗanda jiki ba ya yin su da kansa, sai an ci. Na farkon ba mu rasa shi ba, don yana cikin gyaɗa da riɗi da man gyaɗan da muke girki da shi. Na biyun shi ne ya fi wuyar samu, alhali yana cikin abin da ke gina ƙwaƙwalwar yaro da idonsa, musamman tun yana ciki har ya shekara 2.

To, a ina ake samunsa? Ya fi yawa a kifin teku mai maiƙo, wato taitus da shawa da sadin na gwangwani. Tarwaɗa da karfasa suna da shi, amma bai kai na waɗancan ba. Waken suya da awara suna taimakawa, sai dai irin nasu sai jiki ya juya shi tukuna, kuma kaɗan ne ke juyuwa. Akwai kaɗan a gwaiduwar ƙwai, saboda haka a bar camfin nan na cewa ƙwai yana sa yaro sata.

Ke mai goyo, ki sani jaririnki a nono yake samun rabonsa, kuma yawansa ya danganta ga abin da kika ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6. Daga nan sai ki zare ƙaya sarai, ki marmasa masa kifin cikin fate.

Na san za a ce kifi ya yi tsada. Gaskiya ne, amma sau 2 a mako ya isa, kuma kifi guda yana zagaya yara uku. Mun iya tara kuɗin anko, ashe za mu iya wannan.

Ban ce kifi zai sa ɗanki ya zo na ɗaya a aji ba. Amma a matsayina na malama, na san ginin da aka yi wa yaro a gida da shi yake zuwa makaranta. Ku shawarci masu gida cikin ladabi. Allah ya raya mana zuriya, amin.