A Gonar Wa Suka Kwana?

Duk sa'ad da na ji ana cewa shugaban Amurka Lincoln ya 'yanta bayi, magana ta ƙare, sai in tambaya: washegari a gonar wa suka kwana? Yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, bayi kusan miliyan huɗu suka fita ƙangi hannu rabbana.

A Janairun shekarar, Janar Sherman ya ba da umarnin a yanka wa kowane gida na 'yantattun bayi har eka 40 a gaɓar tekun Karolina ta Kudu da Jojiya. Mutane suka yi shara, suka shuka. Shekara ba ta fita ba Andrew Johnson, wanda ya hau mulki bayan an harbe Lincoln, ya mayar wa iyayengijin da filayensu. Ni dai a ganina nan aka yi ɓarin. Mai gonar jiya ya koma noman audugar wani, a raba amfani, bashin kanti ya cinye rabonsa tun kaka ba ta yi ba.

A Misisipi har doka aka kafa: baƙar fatar da ba shi da takardar aiki a kama shi da laifin zaman banza, a ci shi tara. In ya kasa biya, a miƙa shi ga wanda ya biya, ya yi masa aiki.